Motata a Ƙofar Gida Take Kwana: Ta Yaya Zan Kare Ta da Rediyonta Daga Ɓarayi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Honda Accord ƙirar 2007, wadda ake ce wa DC, na cire rediyonta na asali na sa mai babban allo irin na Android, na kuma ƙara wufa a but. Gidan haya nake a Kano, babu gareji, a ƙofar gida take kwana. Makon jiya aka ɗauke motar maƙwabcina a wajen sallar Juma'a, tun daga ranar barcina ya ragu. Wani ya ce in sa ƙararrawa, wani ya ce tiraka, wani ya ce ƙarfen sitiyari. Da wanne zan fara, tunda kuɗin hannuna ba su da yawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a motar, ya tsare. Maƙwabcinka kuma Allah ya bayyana masa tasa. Ka yi daidai da ka tambaya yanzu, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Sama da shekara ashirin ke nan ina aikin wayarin mota, kuma mafi yawan masu kawo mini irin wannan tambaya sai bayan an riga an yi musu ɓarnar suke zuwa.

Babu makullin da ɗan Adam ya ƙera wanda ɗan Adam ba zai iya buɗewa ba. Duk wanda ya ce zai sa maka abin da ba za a taɓa sace motarka ba, kuɗinka yake so. Amma akwai abin da ɓarawon mota ba shi da shi, wato lokaci. Ka duba abin da ya faru da maƙwabcinka. Sallar Juma'a raka'a biyu ce. Daga kabbarar harama zuwa sallama 'yan mintoci ne, kowa ya ba titi baya, kowa ya fuskanci gabas. A cikin wannan ɗan tsakanin ɓarawo zai buɗe ƙofa, ya tayar da inji, ya fita daga sahun motoci. Idan motarka ta tsaya masa a wuya, ya murɗa ya murɗa ta ƙi tashi, kuma bai san dalili ba, barin ta zai yi ya matsa ta gaba. Don haka duk kuɗin da za ka kashe, ka kashe su a kan abin da zai cinye masa lokaci da abin da bai san da shi ba.

Kafin ka sayi komai, ka fara da makullin da ke aljihunka. Makulli nawa aka ba ka ranar da ka saye ta? Nawa kamfani ya yi mata? Mota ta taso daga Amurka, ta sauka a Kwatano ko Legas, ta bi hannun direban da ya kawo ta, ta zauna a wajen dillalai, wannan ya ɗana wancan ya ɗana. Ba ka san ko akwai wani makullinta a aljihun wani ba. Ba ina ce maka ka zargi kowa ba ne, zato zunubi, sai dai da ɗan gari akan ci gari, kuma motoci da yawa da makullinsu aka tafi da su, ba a fasa komai ba.

DC ɗinka tana da abin da ake kira imobilaiza. A cikin baƙar robar kan makullin akwai wata 'yar ƙwaya, masu yankan makulli suna ce mata cif. A bakin inda kake zura makullin kuma akwai wani zobe da yake karanta ta. Idan lambar ƙwayar ba ta dace da wadda ke cikin ƙwaƙwalwar motar ba, sitata za ta juya amma inji ba zai kama ba. Ka lura gobe da safe: da ka murɗa makulli za ka ga hoton ɗan makulli kore ya kama a mita, bayan 'yan daƙiƙu ya ɗauke. Idan ya tsaya yana ƙyaftawa, motar ba ta yarda da makullin ba ke nan. Wannan na'ura ba ƙaramin aiki take yi ba. Jamus da Ingila sun wajabta ta a kan sababbin motoci tun 1998, Kanada ta bi sahu a 2007. Amurka ba ta wajabta ba, shi ya sa wasu Kia da Hyundai da aka sayar a can tsakanin 2011 da 2021 suka fito babu ita, har yara matasa suka riƙa sace su suna ɗora bidiyon a TikTok. Irin waɗannan motocin suna shigo mana, wanda duk yake da ɗaya ya kai a duba masa.

Matsalar da nake yawan gani a nan ita ce an kashe imobilaizar tun kafin mota ta zo hannun mai ita. Kwanakin baya wani bawan Allah ya kawo mini tasa kan matsalar hon. Na kwance murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, sai ga kan makulli an yanke shi, an naɗe shi da baƙin salatif an manna a jikin zoben nan. Wato wani ya taɓa ɓatar da makulli, aka ga yin sabo mai ƙwaya da tsada, sai aka liƙa ƙwayar guda ɗaya da ta rage a wurin dindindin, aka yanko makullan ƙarfe na banza. Shekara biyu yana hawan mota yana ganin tana da tsaro, alhali duk ƙarfen da ya iya murɗa wajen zai tashe ta. Da na nuna masa, zama ya yi a kan benci ya riƙe kai. Gwajin ba wuya: ka naɗe kan makullinka da takardar alminiyum, irin wadda ake naɗe gasasshen kifi, ninki uku ko huɗu, ka bar ƙarfen kawai a waje, ka gwada tayarwa. Idan ta tashi lafiya lau, ka kai a buɗe a duba. Idan ta ƙi, alhamdu lillahi, na'urar tana raye. Daga nan sai ka je wajen mai yankan makulli da ke da kwamfuta, ka tsaya a kansa, ya goge duk makullan da motar ta sani, ya shigar da waɗanda ke hannunka kaɗai. Ko da wani yana riƙe da tsohon makulli, ƙofa zai buɗe, inji ba zai tashi ba.

Sannan ka daina sakin makulli. Wajen wankin mota, ka buɗe musu ƙofofi ka sa makullinka a aljihu. Wajen bakanike, in aikin na awa ɗaya ne ka zauna. Honda ta yi wa wannan ƙirar wani makulli mai kan toka-toka, yana buɗe ƙofa yana tayar da inji amma ba ya buɗe but da aljihun dashbod. In ka same shi cikin waɗanda aka ba ka, shi ne na ba wa mutane. In kuma rimot kake kullewa da shi, kada ka danna ka juya baya. Ka kama hannun ƙofa ka ja ka tabbatar. Akwai 'yar na'urar da ke toshe saƙon rimot, ka danna ka tafi kana ganin ka kulle, ashe a buɗe ka bar ta.

Yanzu ga inda zan ce ka sa kuɗinka na farko: makunnin sirri, wanda a gareji muke ce wa sikiyoriti. Shi ne mafi araha, kuma a ganina shi ne mafi amfani. Ana katse wayar da ke ba rilen famfon mai umarni (rile shi ne ɗan makunnin lantarki da ke sakar wa famfon wuta), a bi da ita ta wani ɗan maɓalli da aka ɓoye. In ba a taɓa maɓallin ba, famfo ba zai turo mai ba. Wani lokaci motar za ta tashi da ɗan man da ya rage a layi, ta yi daƙiƙa biyu ko uku ta mutu. Ɓarawo ya sake murɗawa, sitata na kuka, mutane sun fara waiwaye, a ransa motar lalatacciya ce.

Amma aikin yana da sharuɗɗa, kuma a nan ake samun matsala. Na farko, a katse siririyar wayar da ke kunna rile, kada a katse babbar wayar da ke kai wuta famfo, domin ƙaramin maɓalli ba zai ɗauki wannan wutar ba, zai yi zafi, wata rana ya kashe maka mota a tsakiyar titin Zariya kana tsakanin tireloli. Na biyu, a haɗa waya da dalma a rufe ta da kyau. Wayarin murɗe-ka-naɗe da salatif shi ne ke cinna wa motoci wuta. Na uku, a yi amfani da baƙar waya a cusa ta cikin damin wayoyin kamfani a sake naɗewa, yadda ko an leƙa ba za a ga baƙuwar waya ja tana lilo ba. Na huɗu kuma shi ne ruhin abin: inda aka ɓoye shi. Kada a sa a ƙarƙashin sitiyari, kada a sa kusa da mabuɗin bonet, kada a sa a gefen kujerar direba. Nan hannun ɓarawo yake fara lalube, domin nan kowa yake sawa. Kai za ka zaɓi wurin, ba mai wayarin ba. Ka je kai kaɗai, a yi aikin a wurin da babu 'yan kallo, ko ka kira shi gida. Ka zaɓi wurin da hannunka zai kai ba tare da ka sunkuya ba, don wanda ke zaune a bakin titi yana kallonka kullum kada ya gane. In ka gaya wa abokai biyar don su yaba dabararka, ka zubar da kuɗinka. Uwargida in tana tuƙi ta sani, shi ke nan.

Kafin ka samu kuɗin wannan ma akwai na kyauta. A murfin akwatin fis an zana wanne ne na famfon mai. In za ka yi tafiya ka bar mota kwana biyu, zare shi ka tafi da shi.

Abu na biyu da za ka sa kuɗinka a kai shi ne ƙarfen kulle sitiyari ko birki. Mutane suna raina shi saboda tsohon yayi ne, ni kuwa ina girmama shi, domin ana ganinsa daga waje, kuma kwamfuta ba ta buɗe shi. Sai dai sandar nan da ake saƙalawa a sitiyari tana da rauni: ƙarfen da ke cikin da'irar sitiyari siriri ne, ana yanka shi a zare sandar ba a taɓa kwaɗonta ba. Wanda ke kama fedar birki ya tokare da ƙasa ya fi, domin a motar otomatik irin taka in ba a taka birki ba giya ba ta fita cikin sauƙi, kuma yankan sa sai an kwanta a ƙasan kujera. In da hali ka haɗa biyun. Ka sayi mai nauyi, araha ba ta ado. Babban aibin ƙarfe ba a jikinsa yake ba, a jikin mai shi yake: sati biyu na farko ana sawa, daga nan a jefa shi bayan kujera a ce ai yanzu zan fito. A masallaci, a gidan biki, a bakin banki, a asibiti, a bakin kasuwa, nan ne ake cewa yanzu zan fito, kuma nan ne ake ɗauke motoci.

Ƙararrawa ba zan ce ka fara da ita ba. A kasuwa ko ta yi kuka babu mai waiwaye, kowa ya saba. Masu arahar kuma suna shanye batir, suna tashi da tsakar dare don kyanwa ta hau bonet. Amfaninta ɗaya a wajenka: tunda motar a ƙofar gida take kwana, za ta tashe ka in an fasa gilashi. In za ka sa, ka nemi wadda jiniyarta ke da batirinta a ciki, don ko an cire kan batirin mota ta ci gaba da kuka.

Tiraka kuwa ba ta hana sata, taimakonta bayan an yi ne. Tana da kyau ƙwarai in an kula da ita. Tana karɓar wurin da take daga tauraron ɗan Adam, ta aiko maka ta layin waya da ke cikinta. To layin nan shi ne inda ake faɗuwa. Na sha buɗe tiraka in tarar layinta ya mutu da daɗewa, ko ba a sa masa kuɗi ba, ko an rufe shi saboda ba a haɗa shi da lambar NIN ba, mai mota bai sani ba sai ranar da ya nema. Layin ya zama da sunanka, lambar sirrin manhajar ka canza ta da hannunka ranar da aka sa, domin da yawa ana barin su a kan lambar kamfani da kowa ya sani. Duk ranar ɗaya ga wata ka buɗe ka ga tana nuna inda motar take. Ka nemi mai ɗan batir a ciki, mai aiko saƙo in an yanke mata wuta. Masu kyau in ka ba su umarnin kashe inji ba sa kashewa sai gudu ya sauko ƙasa da kilomita 20 a awa, kuma haka ya dace, don motar da ta mutu tana tsala gudu ba ɓarawon kaɗai za ta kashe ba. A ɓoye ta inda roba ce a samanta, ƙarfe yana tare mata saƙo. Ka kuma sani manyan ɓarayi suna da abin da suke toshe saƙonta, wasu kuma sukan ajiye mota a wani lungu kwana ɗaya ko biyu su ga ko za a biyo ta. Wannan jiran nasu shi ne damarka.

Sai rediyo, wanda na ga kamar shi ya fi tsaya maka a rai. Gaskiya, Malam, da ka cire na asali ka rage tsaro. Rediyon Honda na kamfani yana da lambar sirri guda biyar. Da an raba shi da batir sai ya kulle ya nemi lambar, in babu ita ya zama dutse. Ga shi a haɗe yake da maɓallan iyakwandishan, ba ya shiga wata mota sai irin tasa. Shi ya sa ba kasafai ake fasa mota dominsa ba. Kada ka yar da shi, ka ajiye, ranar sayar da mota zai yi maka rana. Allon Android kuwa ba shi da kulle ko ɗaya, kowa yana so, kuma 'yan ƙugiyoyin roba ne da sukurori kaɗan suke riƙe da shi. Wanda ya saba, kafin ka gama alwala ya ɓalle shi.

Mai satar rediyo daban yake da mai satar mota. Yawanci yaro ne mai bin layi da dare yana haska fitilar waya ta gilashi. Abin da ya gani shi yake ɗauka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Saboda haka babban maganin shi ne kada ya gani. Ka samu baƙin ƙyalle marar ƙyalli, tela ya ɗinka maka shi daidai allon da roba a baki kamar hular kwano, in ka kashe mota ka rufa. Da dare ta gilashi ba a bambanta shi da dashbod. Ka sa abin tare rana a gilashin gaba ko da dare ne. Wayar caji, maƙalin waya da ke manne a gilashi, jaka ko da babu komai a cikinta, canjin da ke wajen giya, duk ka kwashe. Na ga an fasa gilashin da kuɗinsa ya ninka abin da aka ɗauka sau goma, saboda jakar leda da tsofaffin takardu a ciki. Gilashin gefe ba irin na gaba ba ne, bugu ɗaya yake zubewa kamar tsakuwa, kuma ba ya ƙara sosai.

Sitikar Pioneer ko Kenwood da ake mannawa a gilashin baya, cire ta, talla kake yi wa ɓarawo. Haka kiɗa. In ka shigo layinku wufa na girgiza ƙofofin mutane, ka sanar da unguwa gaba ɗaya abin da ke cikin but ɗinka. Tun daga babban titi ka rage murya. Wannan ko ba don ɓarawo ba haƙƙin maƙwabta ne.

A wajen ɗaurawa, a canza sukurorin allon da irin waɗanda kansu ke da siffar tauraro da ɗan tsinke a tsakiya, sukundireban gida ba ya kama su. A ƙara ɗan ƙarfe ta baya a ɗaure shi da jikin mota. Ka dai sani in an ɗaure da ƙarfi sosai, wanda ya nace zai farfasa dashbod ɗin, shi ya sa na fi ba rufewa muhimmanci a kan ɗaurewa. Akwatin wufa kada a bar shi a sake. A ɗaure shi da noti ta cikin akwatin, yadda sai an kwance lasifikar kafin a kai ga notin. Mai hudawa ya leƙa ƙasa tukuna, tankin mai da layukan birki suna nan kusa. Amfilifaya a ɓoye ta ƙarƙashin kujera ko bayan kafet inda iska ke shiga, wayarta kuma a sa mata fis kusa da batir, kada ya wuce santimita 45. Ga wani abu da masu DC da yawa ba su sani ba: hannun buɗe but da ke gefen kujerar direba yana da ramin makulli. Ka kulle shi da babban makulli, ba mai kan toka-tokan nan ba, ka kulle na kwantar da kujerar baya. Ko an fasa gilashi an shiga, but yana rufe.

Wanda rediyonsa mai cire fuska ne, ya cire ya tafi da ita cikin gida. Jefa ta a aljihun dashbod daidai yake da barin ta a jiki, nan ake fara buɗewa. Kai kuma mai Android ka tuna allon nan waya ce babba. In ka shigar da akawun ɗinka na Google, to lambobin mutanenka, saƙonninka da taswirar gidanka suna ciki. Ka buɗe masa wani akawun na daban da babu komai a kai. Ka ɗauki hoton lambar da ke bayansa da ta amfilifaya, ka ajiye rasit. Ka sa a karce lambar motarka a jikin ƙarfensu ta baya.

Zan faɗi wata magana ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Idan aka kawo maka rediyo a rabin kuɗi, wayoyin bayansa a yanke da wuƙa maimakon a zare soket, babu kwali babu rasit, ka san daga inda ya fito. Ni ba na ɗaura irinsa, ko nawa za a biya ni. Muddin muna saye, za a ci gaba da fasa motocinmu.

Motar da ke kwana a waje ba rediyo kaɗai ake cire mata ba. Batir, madubin gefe, birenbos (wato ƙwaƙwalwar motar), tayoyi, da abin cikin salansa da makanikai ke ce wa indomi, wanda ake nema saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa irin su filatinam. Mai walda zai yi wa batir da birenbos keji da kuɗi kaɗan. Madubi a karce lambar mota a jikinsa a buga masa ribit. Kowace taya a sa mata noti ɗaya mai makulli, makullin kuma kada ya kwana a motar.

Wajen kwananta, ka samu inda haske yake, ko ka sa 'yar fitilar sola mai kamawa in an gifta. Ka juya hancinta ga bango, ka karya sitiyari har ƙarshe kafin ka zare makulli ya kulle, don janta ko turata ya yi wuya. In akwai gidan mai ko wani fili mai maigadi kusa da ku da ake biya a kwana, ka riƙa kai ta can. In kuna da 'yan sintiri a unguwa, ka riƙa biyan kuɗinsu a kan lokaci, su san ka su san motarka.

Takardu: takardar kwastan, rasit ɗin saye da shaidar mallaka su zauna a gida. Wanda ya samu mota da takardunta na asali a ciki, ka sauƙaƙa masa sayarwa. Ka ɗauki hoton lambar casis, guda 17 ce haruffa da lambobi, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ka ɗauki ta inji. Batun inshora kuma mutane da yawa suna cikin duhu. Wadda ake yi ta dole, da hukumar kula da inshora NAICOM ta mayar naira 15,000 daga farkon 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan sata ko sisi. Mai biyan sata ita ce cikakkiya, kuɗinta daga kashi 5 cikin 100 na darajar mota a shekara. In kana da damuwa ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisi, wato inshora bisa tsarin Musulunci. In za ka yi, ka sa a rubuta allon da wufa da amfilifaya a cikin takardar, in ba haka ba za a ce ba da su aka yi yarjejeniya ba.

Duk abin da na faɗa na motar da ke ajiye ne. In Allah ya kiyaye aka tare ka da makami, a ƙofar gida ko a hanya, ka ba su. Kada ka yi gardama, kada ka kalli fuskarsu, in akwai yara a baya ka faɗa da murya a fili cewa za ka fito da su. In sun tambayi sikiyoriti ka nuna musu. Ana sayen wata motar, kuma irin wannan ranar ce aka sa tiraka dominta.

Maƙwabcinka kuma kada ya zauna jiran tsammani. Daga Kano zuwa iyakar Nijar, ta Maigatari ko ta Daura, bai kai tafiyar awa uku ba, kuma motar da ba a ƙetare da ita ba takan koma kayan gyara cikin 'yan kwanaki, shi ya sa awannin farko suka fi komai tsada: a kira 112, a je ofishin 'yan sanda mafi kusa, a karɓi takardar rahoto. Ko da mako ya wuce, ya tabbatar an shigar da lambar casis ɗinta a rajistar motoci ta 'yan sanda da ake kira CMR a matsayin wadda aka sace, ya sanar da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, domin ranar da wani ya je yi mata sabuwar lamba a nan take fitowa. Lambar casis tana da dogon hannu: a watan Satumbar 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a Najeriya. Ya kai hoton motar ga shugabannin 'yan kasuwar kayan mota a Ƙofar Ruwa da Panteka ta Kaduna, da shugabannin dillalan motoci, suna da tsarinsu kuma ba sa son a ɓata musu suna. Ya zauna ya rubuta duk wata alama da shi kaɗai ya sani: ƙonewar da ke jikin kujera, inda aka taɓa yi mata walda, tsagewar da ke gefen mita. Fenti da lamba ana canza su a dare ɗaya, waɗannan kuwa ba a tuna su. In kuma aka ce masa an gan ta a wani wuri, kada ya tafi shi kaɗai ko da 'yan'uwansa, ya ɗauki takardar rahoton ya tafi da 'yan sanda.